Kwanon da Ya Zaga Unguwa

Lifuka, farkon Yuni

Zuwa ga Yayata Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da sauran 'yan'uwa da ke Griffith, can Ostireliya. Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, har kullum da yamma takan taka zuwa kabarin Baba ta share, ta tsayar da furannin roba da iska ta kayar, ta ba shi labarin gari. Ruwa ya yi kyau bana, doya da gwaza sai godiya.

Duron da kika aiko ya iso, ba abin da ya fashe. Naman gwangwani, sukari, shinkafa, sabulu, bargo, duk mun gani. Allah ya ƙara buɗi.

Yaya, ban manta da abin da kika faɗa mini a bakin jirgi ba, ranar da za ki koma bayan jana'izar Baba. Kika ce hannuna kwando ne, duk abin da aka zuba sai ya tsiyaye. Maganar ta yi mini zafi, amma ke ce babba, kuma namiji ba ya mayar wa 'yar'uwarsa magana. To ina yi miki albishir, na gyaru. Na daina zuwa shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa a kai, sai in wani ne ya saya. Kayan duro kuwa na jera su a akwatin katakon Baba na sa kwaɗo, makullin yana wuyana ko wanka zan yi. Gwangwani ko ɗaya ban fasa ba, sai ranar buƙata. Aladena Gwamna ma ina ta lallaɓa shi, yanzu sai da dabara yake shiga ƙofar ɗakinsa.

Babban labarin shi ne, tun bayan Ista ba mu hura wutar umu ba, wato ramin nan da muke gasa abinci a kan duwatsu masu zafi. Ramin har ya yi ciyawa, wata kaza ta samu wurin saka ƙwai a kan duwatsun. Kin san dai dokar Lahadi ba ta canza ba: in an taso daga coci kowane gida ya tone raminsa ya aika wa maƙwabta, kuma kwano ba ya komawa fanko. To duk da haka babu kwanon da ya shigo gidan nan ya fita da kunya. Yadda nake yi sai wata wasiƙar, takarda ta kusa ƙarewa.

Mama ta ɗan rame, amma malamar asibiti ta ce hakan ya fi wa gwiwa.

Ƙanenki mai biyayya,
Lisiate

Griffith, tsakiyar Yuli

Ƙanena Lisiate,

Na gode wa Allah da ya nuna mini rubutunka. Ni lafiya ƙalau, ban da sanyi da ya sa mu gaba. Ka gaida Mama, ka gaida maƙwabtanmu, Naite da gidan Hingano da gidan Fasto.

A wurin aiki na buɗe wasiƙarka, lemon da muke tantancewa yana wucewa ta gabana, sai da na nemi akwati na zauna. Gidan da ba a hura umu ba tun Ista, ai ko dai babu ce ta shiga, ko ciwo. Na san ka da zurfin ciki. Ka ce doya ta yi kyau don kada hankalina ya tashi, amma mai doya ba ya barin kaza ta yi ƙwai a raminsa. Ka kulle gwangwani don ka san su kaɗai suka rage. Sannan can ƙarshen takarda, inda kake zaton idona ya gaji, ka saka mini cewa Mama ta rame. Na yi kuka, Lisiate, har wata Baturiya da muke layi ɗaya ta miƙo mini hankici.

Ka san yadda nake zaune a nan? Rigar sanyina a shagon gwanjo na saye ta, kuma da gani ta wani ƙaton mutum ce, sai na yi ta naɗe hannun kafin in ga yatsuna. Ganyen shayin nan na cikin 'yar jaka, in na sha sai in shanya shi a taga, gobe ya sake aiki, jibi ma in ya yarda. Lemon da aka ware aka ce bai yi kyan sayarwa ba, shi nake sha safe da yamma, har ina jin ko gumi na yi lemo ne ke fita. Da ƙafa nake zuwa aiki. Ba ƙorafi nake ba, ni na ga dama. Ina yi ne don duro ya cika, don Mama ta ci nama ranar Lahadi kamar kowace uwa mai 'ya a Ostireliya.

Ka gaya mini gaskiya. In riƙon Mama ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne, zan ɗauko ta kafin Kirsimeti. Na san za ta yi kukan rabuwa da kabarin Baba, amma gara ta yi kukan da ciki a cike.

Ka ba ni amsa a jirgin da zai fara tashi.

Yayarki da ba ta barci,
Kalolaine

Lifuka, ƙarshen Yuli

Yayata Kalolaine,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, Mama lafiya, Gwamna lafiya.

Yaya, da izininki, kin yi wa wasiƙata karatun da ban rubuta ba. Babu ba ta shigo gidan nan ba, tattali ne ya shigo. Bari in warware miki, na tabbata za ki yi alfahari da ni.

Kwano uku ke shigowa gidanmu duk Lahadi. Na Naite, da lu ɗinta na ganyen gwaza da naman tunkiya, madarar kwakwa har tana tsiyaya. Na Hingano masunci, da kifi. Na gidan Fasto, da doya da kaza, tunda su kowa kai musu yake. Wata rana ina kallonsu a jere bayan labulen kicin sai Allah ya buɗe mini kai. Me zai sa in sari itace, in kankare kwakwa, in ƙona hannu, alhali ga abinci ya kawo kansa? Sai na juye kifin Hingano a kwanon Naite, lu ɗin Naite a kwanon Fasto, doyar Fasto a kwanon Hingano. Kowa ya samu, kowa ya aiko da godiya. Daga kowanne nakan ɗan gutsuri gefe, ladan mai raba hanya, shi ne abincinmu ni da Mama.

Wahalar kawai ta kwanon farko ce, don lokacin ba abin da zan juye. Yaran gidan Naite ke fara zuwa. Sai in zaunar da su in ce mu yi addu'a. Ina yi ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan hanya. In yi wa Sarki, in yi wa majalisa, in yi wa masunta, in yi wa 'yan'uwanmu na ƙetare gari bayan gari, har sai na hango kwanon Hingano ya karyo kwana, sannan in ce amin. Ranar da Hingano ya makara sai da na kai ga yi wa kifayen teku addu'a. Labari ya je kunnen Fasto, har ya ce yana tunanin ba ni wa'azin ranar Laraba.

Yanzu ki duba tsakaninki da Allah, wannan da shanya ganyen shayinki, ina bambancin? Ke kin sa ganye ɗaya ya yi aiki sau uku, ni na sa kifi ɗaya ya yi gaisuwa sau biyu. Makarantarki na yi, Yaya.

Maganar ɗauke Mama kuwa, ki taimake ni ki bar ta. Tunda na karanta abinci ya daina yi mini daɗi. In ta hau jirgi, a tsibirin nan sunana ya zama wanda ya kasa ciyar da uwarsa, kuma har in mutu ba mai goge shi. Ban da wannan ma, ni tuzuru ne, ita kaɗai gare ni. In na shigo gida ban ji ta tana faɗa ba, ban san abin da zan yi da kaina ba.

Ƙanenki,
Lisiate

Griffith, ƙarshen Agusta

Lisiate,

Ina fata kuna raye. Ni lafiya.

Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙa, ba abin da nake tararwa sai tallan shaguna. Shirunka ya ba ni amsa. Na fara takardun Mama, na sayi gado, na raba ɗakina biyu da labule. Manase ɗan Kawu zai zo gida a watan Oktoba, na riga na gaya masa ya taho da ita. Ka sa ta fara sallama da mutane.

Kalolaine

Lifuka, farkon Satumba

'Yata Kalo,

Ni ce uwarki Meleseini, da hannuna. Allah ya yi miki albarka. Ina lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta, wata rana tawa ce wata rana ta wani.

Injin jirgin ruwan da ke ɗaukar wasiƙu ne ya lalace, shi ya sa kika ji shiru. Taki ta iso mana ta hannun wani da ya zo a ƙaramin jirgin sama. Tawa da ta ƙanenki za su zo miki jaka ɗaya. Ki fara karanta tasa, ki gama fushin, sannan ki dawo nan in ba ki ƙarashen.

Kin san Naite da ƙullinta. In ta naɗe lu a ganyen ayaba takan yi masa kunne biyu, ta bar ɗan wutsiya a murɗe. Tun muna 'yan mata haka take yi, ko a duhu na taɓa zan gane. To wata Lahadi matar Fasto ba ta ji daɗi ba, Naite ta je gaishe ta, ta tarar an shimfiɗa abinci. Matar Fasto ta ce, "Zauna, Naite, ki ɗanɗana lu ɗin gidan Meleseini. Ba don ina raina naki ba, amma da za ki je ki koya a wurinsu da kin ƙaru." Naite ta duba ta ga kunne biyu da wutsiya. Ta ci loma ɗaya ta ce lallai mai wannan ta iya. Daga nan ta wuce gidan Hingano ta tarar suna cin doyar Fasto, ta koma nata gidan ta tarar da kifin Hingano. Kafin ƙararrawar yamma duk unguwa ta haɗa lissafin.

Lahadin da ta biyo baya ƙanenki ya zauna bayan labule da addu'arsa a shirye. Ba wanda ya zo. Rana ta karkata, ko kare bai leƙo ba. Can sai ga Naite hannu rabbana, ba ta ko kalli inda yake ba, ta ce, "Tashi mu je, Meleseini, ke ba ki yi mana komai ba." Tun ranar bi da bi suke ɗauka ta. Na yi ƙiba, ba zan ɓoye miki ba. Amma abincin tausayi ne, a wuya yake tsaya mini. Gidan da hayaƙinsa ke riga na kowa tashi lokacin babanku, yau ni ake ja a hannu zuwa tabarmar wasu.

Kada ki ce ban yi masa magana ba. Tun farko na yi. Ya ce umarnin Yaya yake bi, kin kuwa san a wurinmu maganar 'yar'uwa ta fi ta uwa nauyi. Don haka ke kika ɗaura, ke za ki kwance.

Ni dai na sauko da akwatin tafiyata na ajiye a bakin ƙofa. Na ce masa ba zan zauna a gidan da kwano ba ya shiga ba. In Manase ya tashi komawa kwanon Naite bai dawo gidan nan ba, zan bi shi. Na je na gaya wa babanku. Bai ce komai ba, kamar yadda ya saba.

Uwarki,
Meleseini

Griffith, tsakiyar Satumba

Ƙanena Lisiate,

Gaisuwa. Na ji daɗi da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sanyi ya fara ja da baya.

Na karanta taka na karanta ta Mama. Da na zo wurin kifayen teku na yi dariya har mai gidan haya ta buga bango. Da na zo wurin da ake jan uwata a hannu, dariyar ta tsaya, kuma har yanzu ba ta dawo ba. Wato hawayen da na zubar a gaban Baturiya, a kan gwangwanin da ke kwance lafiya cikin akwati na zubar.

Ka tambaye ni bambanci. Ganyen shayin nan da nake shanyawa, bakin wa yake shiga? Nawa. Ranar da baƙo ya zo sabo nake buɗe masa, da madara, kuma ba na tsayawa a kansa ina kallon cokalin sukari. Abin da na hana kaina ka gan shi da idonka, a duro ya zo maka. To abin da ka hana Mama da Naite, wa ya gan shi? Yana rataye a wuyanka, kana wanka da shi. Na ce maka hannunka kwando ne don ka toshe ramukan, ban ce ka ɗinke bakin ba.

Tunda ka ce umarnina kake bi, ga shi. Ka tashi kazar nan. Ka cire makullin daga wuyanka ka ba Mama. Ranar buƙatar da kake jira ta zo. Gwamna kuma ya ci na unguwa ya isa, lokaci ya yi da unguwa za ta ci nasa. Kwanukan kai za ka kai su da ƙafarka, da rana tsaka, kowa yana gani.

Ban fasa maganar Manase ba. Abin da Mama ta ce shi za a yi, kuma gadon yana nan a shimfiɗe.

Yayarka,
Kalolaine

Lifuka, ƙarshen Oktoba

Yayata Kalolaine,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, sai dai Gwamna ya riga mu gidan gaskiya. Ni na riƙe ƙafafunsa, Hingano ya yi aikin, kuma ban ji kunyar share ido ba.

Na yi duk abin da kika ce. Kazar ba ta tashi da daɗin rai ba. Da muka buɗe akwatin Baba muka tarar sabulu ya daɗe yana hira da sukari da shinkafa, har yau in Mama ta sha shayi sai ta ce ta yi wanka ta ciki. Gwangwanin dai lafiya suke, sai ɗan tsatsa.

Ranar Lahadi na hura umu, hayaƙi ya tashi, mutane suna tafiya coci suna waiwayowa. Da aka taso na ɗauki kwanuka da kayan cocina a jiki, har da tabarmar adon da muke ɗaurawa a ƙugu, ƙato da ni ina aikin yara. Matar Fasto ta karɓa tana kallon ƙasa, ina jin ita ma tana da nata abin kunyar. Hingano ya ce, "Ba za ka ɗan yi mana addu'a ba kafin ka tafi? Kifaye suna ta tambayarka." Na miƙa masa kwanon na wuce.

Sai gidan Naite. A bakin ƙofa ta tsayar da ni, ta ɗaga lu ɗin ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Wannan kam naka ne. Babu macen da za ta yarda a ce ita ta yi wannan ƙullin." Ta ce in nuna hannu, na nuna mata ƙunar duwatsu. Ta karɓi kwanon ta rufe ƙofa. Na tsaya ina jira har ƙafata ta gaji. Kwanon bai fito ba, ko fanko.

Lahadi ta zagayo na sake kaiwa, ta sake riƙewa. Na gidan Fasto ya dawo, na Hingano ya dawo, amma Mama ta ce ita Naite ta ambata. Kwanukan gidanmu suka fara ƙarewa, har na koma ci a murfin tukunya. Ana haka Manase ya sauka, ya taimaka wurin ƙarasa Gwamna ba tare da an roƙe shi ba. Akwatin Mama kuwa yana bakin ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi, kuma ba ta yarda in matsar da shi ba.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyar Manase, Mama ta sa hular tafiyarta ta zauna kusa da akwatin. Na kai wa kowa na dawo. Don baƙin ciki na zauna na ci doya har na kasa sunkuyawa. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina kallon tsohuwar nan ina tunanin wa zai tsayar wa Baba furanninsa, wa zai ce mini shashasha.

Sai ga Naite da kanta, kwanukanmu a jere a hannu ɗaya, nata a ɗayan. Ta ajiye a gabana, kunne biyu da wutsiya. Ta gyara zama ta ce, "Buɗe." Na buɗe. Ta ce, "Ci." Na ce na ƙoshi, zan ajiye. Ta ce, "A gabana za ka cinye. Ba zan tashi ba sai na ga ƙarshensa, don wannan dai ba zai ƙarasa gidan Fasto ba." Na ci, Yaya. Lu ɗin mutum huɗu ne, a kan doya. Ina ci hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne, ta ce ta sani. Da na suɗe ganyen na rarrafa na cika mata kwanonta da abin da ya fito daga ramina. Da na juyo, Mama ta cire hula tana fifita da ita.

Manase shi kaɗai zai zo. Gadon ki kwanta a kai.

Ambulan ɗin da za ki gani naki ne, na juya shi na liƙe da ƙullun rogo. Ki sanar da ni ko wannan tattali ne ko rowa, don yanzu tsoron kaina nake ji.

Ƙanenki,
Lisiate

Kalo, ni ce. Ya ba ni in liƙe, na ga sauran wuri a bayan takarda. Manase zai kawo miki man kwakwa na shafawa, ke za ki shafa, ba baƙo ba. Abin da kika tanada don tafiyata ki sayi rigar sanyi mai hannu daidai naki, kuma ki sha sabon shayi ko da ranar Lahadi ce. Ke ma kin kusa wuce gona da iri.

Akwatin tafiyar nan kuwa, ni na mayar da shi saman kabad da kaina, ban bari ya ɗaga ba, don tun ranar da na sauko da shi ko ɗankwali babu a ciki. Ina zan je in bar babanku ba mai ba shi labari? Kada ki gaya wa ƙanenki tukuna, bari hannunsa ya saba da wuta.

Uwarki,
Meleseini